Dashen ƙashin muƙamuƙi

Dashen ƙashin muƙamuƙi aikin tiyata ne da likitocin haƙori ke yi domin ƙara kauri ko tsayin ƙashin da haƙora ke zaune a kansa. Galibi ana yin sa ne kafin a dasa haƙorin roba mai saiwar ƙarfe, saboda saiwar ba ta kamawa sai da isasshen ƙashi kewaye da ita.

Dalilin yin aikin

Tauna ce ke riƙe ƙarfin ƙashin muƙamuƙi. Idan haƙori ya fita, ƙashin wurin yakan fara zaizayewa, har faɗinsa kan ragu da kusan rabi cikin shekarar farko, kuma mafi yawan raguwar a watanni uku na farko take faruwa. Ciwon dasashi da ya daɗe, da karaya a haɗarin mota ko babur, da ƙari a muƙamuƙi, su ma suna cin ƙashin.

Tarihi

A shekarar 1952 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya lura cewa ƙashi yana manne wa ƙarfen taitaniyom, kuma a 1965 ya dasa wa mutum na farko irin waɗannan saiwoyi. A 1980 Philip Boyne da Robert James suka wallafa hanyar ƙara ƙashi a ƙarƙashin kogon iska da ke gefen hanci, domin dasa turamen sama. A 1989 David Hidalgo ya bayyana yadda ake sake gina muƙamuƙin ƙasa da siririn ƙashin ƙwauri tare da jijiyoyin jininsa.

Inda ake samo ƙashin

Hanyoyi huɗu ne. Akwai ƙashin majiyyacin kansa, wanda ake ɗebowa daga haɓa, ko bayan muƙamuƙi, ko ƙugu. Shi ya fi saurin kamawa, amma yana barin ciwo a wuri biyu. Akwai ƙashin wani mutum da aka tsaftace aka adana. Akwai na dabba, yawanci saniya, wani lokaci doki ko alade, don haka majiyyaci na da haƙƙin tambayar asalinsa kafin ya amince. Sai kuma na haɗi, wanda ake yi da sinadaran kalshiyam da fosfet. Mafi yawan waɗannan kayan tamkar dirka suke, jiki ne ke gina sabon ƙashi a kansu sannu a hankali.

Yadda ake yin aikin

Bayan an ɗauki hoton ƙashin, ana kashe wurin da allura, a tsaga dasashi, a zuba garin ƙashin ko a ɗaure guntunsa da ƙananan kusoshi, a lulluɓe da wata 'yar fata ta musamman, sannan a ɗinke. Idan daga ƙugu za a ɗebo ƙashin, akan sa majiyyaci barci.

Jinya

Kumburi yakan kai ƙarshensa a kwana na biyu zuwa na uku, sannan ya fara saɓewa. Akan cire zaren ɗinki bayan mako ɗaya zuwa biyu. A ranar farko ba a kurkure baki da ƙarfi ko yawan tofi. Daga washegari ana kurkurewa a hankali da ruwan gishiri mai ɗumi. Abinci mai laushi ake ci, kamar kunu ko koko da ya huce, fura da nono, da faten dankali. Ana guje wa goro, rake, aya da kilishi, kuma ba a kai asuwaki ko buroshi kan ɗinkin. Wanda aka yi wa aiki a ƙarƙashin kogon hanci ba ya fyace majina na wasu makonni.

Warkewar dasashi ba ta nufin ƙashi ya haɗe. Ƙashin kan ɗauki wata uku zuwa shida, babban dashe kuma har wata tara, kafin a dasa saiwar. Shan taba da ciwon suga da ba a kula da shi ba suna cikin manyan abubuwan da ke sa dashen ya lalace. Zazzaɓi, mugunya, jinin da ya ƙi tsayawa, ko mutuwar leɓe da ta ƙi wucewa, alamu ne na a koma asibiti nan take.

A arewacin Najeriya

Aikin yana buƙatar ƙwararrun likitocin tiyatar baki da fuska, waɗanda ake samu a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mazauna garuruwa irin su Gammo a ƙaramar hukumar Kabo, ko yankin Gwarzo, sai sun yi ta zuwa birnin Kano na tsawon watanni, saboda haka kuɗin mota da ranakun komawa ganin likita suna cikin lissafin jinyar. A Sakkwato, Asibitin Yara na Noma da aka buɗe a 1999 yana gyara fuskokin waɗanda cutar noma ta ci wa nama da ƙashin baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan cuta cikin jerin cututtukan yankuna masu zafi da aka yi sakaci da su a watan Disamba na 2023.