Uwar garke mai yawan mutuwa: yadda ake gano inda cutar take

Uwar garke ita ce babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan banki, asibiti ko ma'aikata, sauran kwamfutoci suna ɗiba daga gare ta. Idan ta fara daskarewa ko kashe kanta haka kawai, manhaja ake fara zargi: a goge, a sake zubawa, bayan kwana biyu cutar ta dawo. Sau da yawa lahanin a jikin na'urar yake.

Kafin a kwance ko da noti ɗaya, a riƙa rubuta lokacin da take mutuwa. Wadda ke ɗaukewa da azahar a watan Afrilu ko Mayu, zafi ne abin zargi na farko. Yawancinsu an ƙera su ne don iskar da ba ta wuce digiri 35 ba, alhali a Tahoua ko Zinder zafi kan haura 40. Idan kilim ya tsaya, ga ƙurar hunturu ta toshe fankoki, na'urar kan kashe kanta don kada ta ƙone. Wadda kuwa ke mutuwa daidai sa'ar da wuta ta ɗauke ko gurup ya tashi, a duba ondila: batirinta ba ya wuce shekara 3 zuwa 5, zafi kuma yana rage masa kwana.

Na'urorin Dell suna da iDRAC, na HP suna da iLO, wato ɗan mai gadin da ke rubuta zafi, gudun fanka da matsalar wuta ko da babbar manhajar ta faɗi. Kaɗan ne ke buɗe wannan rajista, alhali sau da yawa amsar tana ciki.

RAM ce mafi wuyar sha'ani, don ba ta da lokaci: yau lafiya lau, gobe ta faɗi sau uku. Ana gwada ta da Memtest86+, a bar shi ya kwana yana zagaye, domin zagaye ɗaya ba hujja ba ne. In ya nuna kuskure, a cire rabin sandunan, a sake gwaji har a ware mai laifin.

Faifan ajiya kuwa yana da nasa rahoto, SMART. Idan lamba ta 5 ko ta 197 tana hawa, a kwashe bayanai a ranar, kafin a ci gaba da kowane bincike.

A riƙa canza abu ɗaya tak a kowane gwaji. Wanda ya canza RAM da akwatin wuta rana ɗaya, ko na'urar ta warke, bai san wanne ne ya lalace ba, kuma ya biya kuɗin biyu.