Waya ce ƙarshen abin da ake taɓawa

Abin da ke damuna da yaran da ke shigowa sana'ar gyaran waya yanzu shi ne gaggawa. Da zarar mutum ya ce wayarsa ba ta shan caji, sai yaro ya ɗauko sukudireba ya yanke hukunci cewa bakin caji ne ya mutu. Mu da muka fara bayan shigowar GSM Najeriya a 2001 ba haka aka koya mana ba. A zamanin Nokia 3310 da 1100 da yatsa ake zare batir. Ubangida zai sa ka ɗora masa mita ka ga ko ya kai bolt 3.7, sannan ka maƙala shi a cajar nan mai ƙarafa biyu da ke ɗaukar kowane batir. In ya sha, laifin ba nasa ba ne, sai a koma kan soket, da kan caja, da igiya. Waya ce ƙarshen abin da ake taɓawa, domin ita ce mai tsada, kuma amanar mutum ce.

Za su ce wancan zamani ya wuce, batir yanzu a liƙe yake, kuma yawancin sababbin wayoyi Type-C ne, har iPhone tun 2023. Gaskiya ne, amma wannan hujjarmu ce, ba tasu ba. A da cajar Nokia mai babban baki ba ta shiga wayar mai ƙaramin baki, ido kaɗai ya isa ya hana kuskure. Yau baki iri ɗaya ne, ciki daban. Caja mai sauri sai ta daidaita da waya kafin ta ɗaga wuta daga bolt 5 zuwa 9. In ba su fahimci juna ba, a 5 za ta tsaya, waya ta daɗe ba ta cika ba. Igiya mai arha zarenta siriri ne, wuta na raguwa a hanya. Tsohuwar kafar USB ta kwamfuta rabin amfiya take bayarwa. Ga wutar janaretan 'yan caji mai hawa da sauka, ga ƙurar hunturu da ke cushe baki har igiya ta kasa zama. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar a buɗe waya.

Masu cewa mai waya sauri yake yi su sani gwajin nan 'yan mintuna ne, alhali allon cikin waya da aka ƙona garin canza lafiyayyen baki ba ya dawowa yadda yake. Iyayen gida a Farm Centre da sauran kasuwannin waya, kada ku ba yaro injin hura zafi sai ya iya karanta mita.