Masu ɗaukar hoton soja a fagen daga

Galibin abin da mutanen yau suka gani da idonsu game da Yaƙin Duniya na Biyu ya fito ne daga hannun wasu sojoji da 'yan jarida ƙalilan, waɗanda suka shiga fagen fama riƙe da kyamara. Gwamnatoci ne suka tura akasarinsu, domin su samo hotunan da za su ƙarfafa wa jama'a gwiwa. Sai dai daga baya wasu daga cikin hotunan sun zama shaida a gaban kotu, wasu kuma sun tona asirin waɗanda suka ba da aikin.

Mafarin aikin

Ana ɗaukar Roger Fenton, ɗan ƙasar Birtaniya, a matsayin ɗaya daga cikin mutanen farko da suka ɗauki hotunan yaƙi. A shekarar 1855 ya je yankin Kirimiya, inda Birtaniya da Faransa da Daular Usmaniyya ke gwabzawa da Rasha, ya kuma dawo da hotuna kimanin 360. Na'urar wancan zamani ba ta iya kama abin da ke motsi, don haka hotunansa na hafsoshi ne da tantuna da filaye. Babu gawa ko ɗaya a cikinsu.

A 1862, lokacin yaƙin basasar Amurka, Alexander Gardner ya ɗauki hotunan gawarwakin sojoji bayan gumurzun Antietam. Da aka baje su a birnin New York, a lokacin ne jama'ar gari da dama suka fara ganin yadda fagen daga yake bayan ƙura ta lafa.

Hoto mai motsi ya samu gindin zama a Yaƙin Duniya na Farko. Geoffrey Malins da John McDowell sun ɗauki fim na yaƙin Somme a Faransa, wanda aka fara ranar 1 ga watan Yulin 1916, ranar da aka kashe sojojin Birtaniya fiye da 19,000. An ƙiyasta cewa an sayar da tikiti kusan miliyan 20 na kallon fim ɗin cikin makonni shida na farko. Daga baya masana sun gano cewa wurin da ya fi jan hankali, inda sojoji ke fita daga rami suna kai hari, shirya shi aka yi a bayan fage.

Yadda rundunoni suka tsara aikin

Jamus ta riga abokan gabanta shiri. Tun a 1938 gwamnatin 'yan Nazi ta kafa rukunonin farfaganda a cikin rundunarta, waɗanda suka ƙunshi masu ɗaukar hoto da marubuta da ma'aikatan rediyo, dukkansu cikin kakin soja. Abin da suka ɗauko shi ake tacewa a birnin Berlin, a haɗa labaran mako-mako da ake nunawa a gidajen silima kafin a fara fim.

Birtaniya ta kafa nata sashen fim da hoto na soja a watan Oktoban 1941. An riƙa zaɓo mutane daga cikin sojoji, a horar da su a masana'antar fina-finai ta Pinewood da ke kusa da birnin London, a ba su muƙamin saje, sannan a tura su su bi sahun dakarun da ke bakin daga. Ƙaramar bindiga kawai suke ɗauka domin kare kai. A Amurka, sashen sadarwa na rundunar sojan ƙasa ne ya ɗauki nauyin aikin, yayin da sojojin ruwa ke da nasu masu ɗaukar hoton. Ban da waɗannan, akwai fararen hula da ke wa jaridu da kamfanonin labaran silima aiki, waɗanda sai da izinin soja suke isa fagen fama.

Kayan aiki da haɗari

Kyamarar fim da aka fi amfani da ita a ɓangaren Amurka ita ce Eyemo, wadda ake wana ta da hannu kamar agogo. Tana ɗaukar fim mai tsawon ƙafa 100, wanda bai wuce minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi ba. Idan ya ƙare, dole mai ɗauka ya nemi inuwa ya sauya wani, ko da kuwa ana ruwan harsashi. Kyamarar ba ta ɗaukar sauti, saboda haka ƙarar bindiga da ake ji a fina-finan wancan lokaci yawanci daga baya aka saka ta.

Kowane mai ɗauka yana rubuta takardar bayani: rana, wuri, rundunar da ya bi, da abin da ya gani. Sai a aika fim ɗin da takardar zuwa hedikwata a wanke. Sau da yawa bai taɓa ganin abin da ya ɗauka ba.

Haɗarin aikin a bayyane yake, domin mai neman hoto dole ya ɗaga kai a daidai lokacin da kowa ke neman mafaka. Ranar 23 ga watan Fabrairun 1945, Joe Rosenthal na kamfanin dillancin labarai na AP ya ɗauki shahararren hoton sojojin Amurka suna kafa tuta a tsibirin Iwo Jima na Japan. A gefensa akwai Saje Bill Genaust, wanda ya ɗauki fim na wannan lokaci. An kashe Genaust a tsibirin a watan Maris, kuma ba a gano gawarsa ba.

Tacewa da gyaran fuska

Babu hoton da ke isa ga jama'a sai ya bi ta hannun masu tace labarai na soja. Amurka ta shafe kusan shekara biyu tana yaƙi ba tare da ta bari an buga hoton gawar sojanta ba. Sai a watan Satumban 1943 mujallar Life ta fitar da hoton George Strock na sojoji uku kwance a gaɓar tekun Buna da ke New Guinea, bayan da hukumomi suka fara fargabar cewa jama'a a gida sun ɗauki yaƙin da wasa.

Fim ɗin Desert Victory na 1943, wanda ya ba da labarin nasarar Birtaniya a El Alamein da ke Masar, ya samu kyautar Oscar. Amma wasu sassan harin dare a Pinewood aka sake shirya su, tun da kyamarar ba ta gani a duhu. Haka kuma hoton da Yevgeny Khaldei ya ɗauka ranar 2 ga watan Mayun 1945, na sojan Tarayyar Soviet yana kafa tuta a kan ginin majalisar dokokin Jamus, an yi masa kwaskwarima. An goge abin da ya yi kama da agogo na biyu a hannun wani soja, don kada a ce ganima ya kwasa.

Waɗannan hotuna sun iso har ƙasar Hausa. A 1939 Birtaniya ta kafa sashen fina-finai na ƙasashen da take wa mulkin mallaka, a ƙarƙashin William Sellers, wanda ya taɓa aikin kiwon lafiya a Legas. Motocin majigi sun riƙa zagaya garuruwa suna nuna labaran yaƙi, wani tafinta yana bayani da harshen mutanen wurin. A daidai wannan lokaci dubban 'yan Najeriya na cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin Bama, kuma akwai hotunansu a gidan adana tarihin yaƙi na Imperial War Museum da ke London.

Hoto a matsayin shaida

Ranar 15 ga watan Afrilun 1945 sojojin Birtaniya suka shiga sansanin gwale-gwale na Bergen-Belsen a Jamus, inda suka tarar da fursunoni kimanin 60,000 da gawarwaki fiye da 10,000 da ba a binne ba. Masu ɗaukar hoton soja, ciki har da Saje Mike Lewis da Saje Bill Lawrie, sun yi kwanaki suna ɗaukar abin da suka gani. An fara haɗa fim da waɗannan hotuna, tare da shawarar Alfred Hitchcock, amma aka jingine aikin a wannan shekara. Sai a 2014 gidan tarihin ya kammala shi.

A ɓangaren Amurka, an haɗa hotunan da aka ɗauka a Dachau da wasu sansanoni, aka nuna su a kotun Nuremberg ranar 29 ga watan Nuwamban 1945, a gaban shugabannin Nazi da ake tuhuma. An gabatar da fim ɗin tare da takardun rantsuwa cewa ba a sauya komai a ciki ba.

A yaƙin Vietnam kuwa, shaidar ta juya kan rundunar da ta ba da aikin. Ronald Haeberle, mai ɗaukar hoton sojan Amurka, yana ƙauyen My Lai ranar 16 ga watan Maris na 1968, lokacin da sojoji suka kashe ɗaruruwan fararen hula. Ya miƙa wa rundunar hotunan da ya ɗauka da kyamarar gwamnati, ya riƙe masu launi da ya ɗauka da tasa. An buga su a watan Nuwamban 1969, kuma a 1971 kotun soja ta samu Laftanar William Calley da laifin kisan kai.

Saboda irin wannan tarihi, masu bincike ba sa dogara da hoton yaƙi shi kaɗai. Sukan nemi sanin wanda ya ɗauke shi, da hukumar da ta biya shi, da wanda ya tace, sannan su gwada shi da takardar bayanin da aka rubuta a ranar. Dubban irin waɗannan takardu suna nan a ajiye tare da fina-finansu a London da Washington.