Kwallin jarirai da gubar dalma

Kwalli, ko tozali, garin dutse ne da ake zizarawa a ido, kuma dutsen da aka fi niƙawa, galena, ma'adinin dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka gano dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, kashi 82.6 cikin ɗari na kwallin da ake sa masa dalma ce. Jariri kan murza ido ya kai hannu baki, dalmar kuwa tana lahanta ƙwaƙwalwa mai tasowa. Niƙa dutsen a gida ba ya raba shi da gubar. Na Indiya da ake haɗawa a gida da baƙin hayaƙin fitila da man shanu ba ya ɗauke da dalma, sai dai yatsa marar tsabta kan kai wa ido cuta.