Lasisin Windows da Canjin Madabod: Yadda Tarihin Ya Gudana a Guangzhou

Lasisin Windows izini ne da kamfanin Microsoft ke bai wa mai saye ya ɗora manhajar a kan kwamfuta ɗaya. A takarda maganar ba ta da wuya, amma a teburin mai gyara takan rikice, domin kwamfuta ba dunƙulallen abu ba ce. Ana ƙara mata ram, a sauya faifan ajiya, furosesa ta ƙone a sa wata. To wane canji ne zai sa a ce wannan ba ita ce na'urar da aka saya wa lasisi ba? Fiye da shekara ashirin ke nan kamfanin yana sauya amsa, kuma kowane sauyi an ji shi a jika a unguwar Gangding da ke gundumar Tianhe ta birnin Guangzhou, inda manyan gidajen sayar da kayan kwamfuta suka kafu tun shekarun 1990.

Sana'ar Gangding ta asali haɗa kwamfuta ce. Mai saye ya zauna a kan kujera, ɗan shago ya ɗauko takarda ya jera kaya da farashi, a yi ciniki layi-layi, sannan yaro ya ruga benaye ya tattaro kayan a ɗaure su a gaban mai su. Manhaja ba ta shiga lissafi. Gyara ce ake yi wa mai saye bayan an gama ciniki. A zamanin Windows 98 babu abin da ke hana haka, tunda mabuɗi ɗaya mai haruffa da lambobi 25 yana buɗe kwamfuta dubu.

Windows XP, da ta fito ranar 25 ga Oktoban 2001, ita ta zo da tantancewa, abin da masu gyara ke kira aktibeshan. Manhajar takan duba abubuwa goma a jikin na'ura, ciki har da furosesa, yawan ram, faifan ajiya, katin hoto, katin sadarwa da na'urar CD, ta haɗa su ta fitar da lamba guda da ke matsayin zanen yatsan kwamfutar. Kowane abu yana da ƙuri'a ɗaya, katin sadarwa yana da uku, kuma muddin ƙuri'a bakwai suna nan Windows ta yarda cewa gidanta ne. Idan suka gaza, sai a sake tantancewa. Wanda ba shi da intanet waya yake bugawa: ya karanto lambobi 50 da suka fito a allo, a karanto masa 42, yana rubutawa yana addu'ar kada layi ya yanke. Tsarin yana da adalci daidai gwargwado, domin ya yarda cewa kwamfuta abu ce da ake sauya wa kaya a hankali, kuma bayan kwana 120 ana yafe canje-canjen baya.

Sai dai kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Bugun da aka yi wa manyan kamfanoni ba ya neman tantancewa, mabuɗinsa kuma ya sulale waje tun kafin manhajar ta shiga kasuwa. A Sin aka ɗauki wannan bugu aka rage masa nauyi, aka cusa masa direbobin na'urori iri-iri, aka kwafe shi da manhajar Ghost, har ya zama cikin 'yan mintuna an gama ɗora XP. Mashahuran bugunan sun haɗa da na Tomato Garden da na YLMF, wanda cibiyarsa ke Dongguan, maƙwabciyar Guangzhou. Sakamakon ya zo a birkice: mai kwafin sata ya canza madabod, wato babban allon da sauran kayan kwamfuta ke hawa a kai, yadda ya ga dama, wanda ya biya kuɗinsa shi ke riƙe da kan waya.

Daga 2006 aka fara matsa lamba. A Afrilun shekarar gwamnatin Sin ta umarci kamfanonin da ke ƙera kwamfuta su riƙa fitar da ita da manhaja mai lasisi, a watan da Shugaba Hu Jintao ya ziyarci Microsoft a Amurka. A Yulin 2007 'yan sandan Sin da hukumar FBI suka kai samame a lardin Guangdong a kan masu buga faifan jabu har da kwali da sitika, kuma a ƙarshen 2008 wata kotu a Shenzhen ta ɗaure mutum 11. A Oktoban 2008 Microsoft ya aiko da sabuntawar da ke mayar da bangon allo baƙi wuluk duk bayan awa ɗaya a kan kwafin da bai tantance ba, abin da ya tayar da ƙura a ƙasar baki ɗaya. Hong Lei, mai Tomato Garden, ya sami ɗaurin shekara uku da rabi a 2009. YLMF ya bar XP ya koma yin Linux mai kama da ita.

Abin da ya sauya sana'ar da gaske kuwa ba kotu ba ce, wurin da aka ajiye lasisin ne. A Vista da Windows 7, manyan kamfanoni irin su Lenovo da Dell sukan sa wata alama a cikin BIOS na madabod, Windows ta gan ta ta tantance kanta ba tare da intanet ba. Masu kirak, wato masu fasa tsaron manhaja, suka koyi kwaikwayon alamar. Daga Windows 8 a 2012 aka daina manna sitika mai mabuɗi a ƙasan laftof, aka koma dasa wa kowace madabod mabuɗinta a ciki. Windows 10, da ta fito ranar 29 ga Yulin 2015, ta ɗauki zanen yatsan na'ura ta ajiye a sabar Microsoft. Tun daga nan amsar tambayar ta zama ɗaya: madabod ita ce kwamfuta. A canza ram, a canza faifai, a yi fomatin sau goma, da an hau intanet lasisi ya dawo. A canza madabod, saƙon neman tantancewa ya fito a kusurwar allo.

Nan ne irin lasisin ke raba gardama. Wanda aka saya daban a kwali ko a shagon Microsoft yana bin mai shi. Daga Agustan 2016 ana iya ɗaure shi da asusun Microsoft, bayan gyara a shiga wurin warware matsalar tantancewa a zaɓi cewa an canza kayan na'ura kwanan nan. Sharaɗin shi ne a ɗaure shi kafin madabod ta mutu, kuma wannan ne mutane suka fi sakaci da shi. Wanda ya zo da na'ura daga kamfani kuwa yana mutuwa tare da madabod ɗinsa, sai fa in an sauya ta ne saboda lalacewa a ƙarƙashin garanti. Shi ya sa a kasuwar kayan hannu ta Dashatou da ke Guangzhou akan sayi tsohuwar madabod a tarar Windows ta tantance kanta: lasisin mai ita na farko ne ya biyo ta.

Fataken Kano da na Nijar da ke sauka a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli na Guangzhou suna da tasu matsalar. Laftof ɗin da aka yi domin kasuwar cikin gida ta Sin takan zo da bugun Windows na musamman wanda ba ya karɓar wani harshe sai Sinanci. Lasisinta na gaske ne, amma na wannan bugun kaɗai. Da an goge an ɗora na Turanci, mabuɗin da ke cikin madabod bai dace ba, sai na'ura sabuwa dal ta iso titin Beirut a Kano ba lasisi. Ɗan kasuwar da ya san hanya yakan tambayi bugun da ke kai tun kafin a yi ciniki, ya sa kuɗin sabon mabuɗi a lissafi. Wanda bai sani ba yakan bar shago ya yi masa aktibetin da sabar KMS ta bogi, dabarar da asalinta ta ma'aikatu ce, wadda wa'adinta kwana 180 ne. Idan ba a sabunta ba, saƙon ya fito bayan wata shida a hannun wanda ya saya a gida, shi kuma ya dawo wa ɗan kasuwa da ƙorafi.

A Satumban 2023 Microsoft ya rufe ƙofar da tsofaffin mabuɗan Windows 7 da 8 ke bi su tantance sababbin bugu, ya kuma daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesar Intel ta zubi na takwas zuwa sama ko makamanciyarta. Tsohuwar na'urar da ba ta cika sharaɗin ba galibi sai an canza mata madabod da furosesa, kuma in lasisinta na kamfani ne, yana fita tare da madabod ɗin da aka cire.