Ganuwar Surame da Ilmin Riƙon Aiki

Akwai wani ilmi wanda ba shi ne ilmin gini ba, ba na noma ba, ba kuwa na lissafi ba, amma in babu shi duk waɗannan ba su kai mutum ga biyan bukata. Shi ne ilmin riƙon aiki, watau mutum ya ɗauki babban aiki tun daga niyya, ya san abin da zai ci na dukiya da na kwanaki, ya raba shi ga masu yi, ya bi shi har ya ƙare. Yau ana koyar da shi a jami'o'i, har waɗansu na zaton baƙo ne wanda ya zo mana cikin jirgi. To, bari mu duba tarihin ƙasar Kabi, mu ga yadda mutanen da suka koye shi, da abin da ya kamata malaman yanzu su ara daga gare su.

Wajen shekara ta 1516 Muhammadu Kanta ya ɓata da Askiya Muhammadu, Sarkin Songhai, a kan rabon ganima bayan sun komo daga yaƙin Agadas. Da ya fita daga hannunsa, sai ya ga ba shi da zaman lafiya in ba shi da birni mai ƙarfi. Saboda haka ya kafa garuruwa uku, Surame da Gungu da Leka, ya mai da Surame mazauninsa. Aka kewaye ta da ganuwa ta dutse da ƙasa, wadda har yau kufanta na nan cikin Jihar Sakkwato, Gwamnati kuwa ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa a shekara ta 1964. Rundunar Barno ta zo ta kewaye birnin nan, ta koma ba ta ci shi ba.

Mai karatu, ka tsaya ka yi tunani a kan abin da irin wannan gini ke bukata. Sai an san inda za a fasa dutse, da inda za a haƙa ƙasa, da hanyar da ruwa zai zo. Sai an tanadi hatsin da dubban ma'aikata za su ci. Sai an zaɓi lokaci, gama ba a kiran talakawa aikin ganuwa da damina, sai bayan an yi girbi an kai amfanin gona rumbu, a kuma gama kafin ruwa ya sauko ya zubar da ɗanyen gini. Ka ga ke nan akwai ranar farawa, akwai ranar da ba a ƙetarewa, akwai kuma iyakar abin da ke hannu. Waɗannan uku su ne tushen ilmin nan har gobe.

Labarun da Kabawa suka gada sun nuna mana yadda aka raba aikin. An ce kowace ƙasa da ke bin Kanta an yanka mata nata yanki na ganuwa. An ce Azbinawa an sa su ɗauko ruwan kwaɓa ƙasa a kan raƙuma tun daga ƙasarsu. An ce kuma Nufawa sun makara, don haka aka yi musu horo, aka ce su kwaɓa tasu ƙasa da man kaɗe maimakon ruwa. Ko da an yi wa labarin ƙari, kamar yadda akan yi wa labarin mazan jiya, akwai abin lura a cikinsa. Kowane yanki yana da mai shi, an san sunansa, in ya yi kyau an san wanda za a yaba, in ya zube an san wanda za a kira. Haka aka riƙa yi a sauran biranen Hausa wajen gyaran ganuwa kowace shekara, kowane gari da nasa rabo.

Yaya aka yi mutane suka koyi wannan? Babu aji, babu allo. Ɗan magini yakan fara da ɗaukar ruwa da kwaɓa ƙasa. In ya ƙware sai a sa shi yin tubali, sa'an nan jefa wa magini tubali a kan gini, sa'an nan ya hau ya jera da kansa. Bayan shekaru sai a nuna masa ɗora azara da ɗaurin bakan gizo. Amma duk wannan koyon hannu ne. Koyon riƙo yana farawa ne ran da ubangidansa ya ce masa, "Ga ɗaki can, ga yara uku, je ka gina, ka gaya mini tubali nawa za ka ci da kwana nawa." In ya yi ƙiyasi ya gaza, shi zai komo ya yi bayani a gaban manya. Daga ɗaki sai zaure, daga zaure sai gida, har wata rana ya zama Sarkin Magina. Ta wannan hanya aka sami gwanaye irin su Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani, shi ne ya gina masallacin Jumma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

Hanyar nan tana da kyau, amma tana da lahani biyu. Na farko, ba a rubuta kome ba. Ƙiyasi yana cikin kan gwani, in ya mutu bai bar magaji ba, ya tafi da abinsa. Kabawa sun bar Surame a farkon ƙarni na 18, Sarki Tomo ya kafa Birnin Kabi, ba su bar mana takarda ko ɗaya mai faɗin yawan ma'aikatan Kanta ko yawan hatsin da suka ci ba. Na biyu, manyan ayyukan sarakuna sun tsaya ne a kan tilas. Wanda aka ci da yaƙi ba a neman shawararsa, umurni kawai ake ba shi.

Amma ƙasar Kabi ta san wata hanya wadda ba ta tilas ba. Manoma sun san gayya, inda ake taruwa da yardar juna a nome gonar mutum cikin yini guda. Masunta kuma suna da nasu tsari a ƙarƙashin Sarkin Ruwa da Homa. A shekara ta 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, bayan gabar da ta daɗe tsakanin Kabawa da Sakkwato tun faɗuwar Birnin Kabi a 1805. Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa babban su, daga nan bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali. Kafin ranar su akan hana kamu a Matan Fada, kowa ya haƙura, ran da aka ba da izini dubban mutane su faɗa ruwa lokaci guda da homa da gora. Wannan ba ya yiwuwa sai jama'a sun yarda da masu riƙon, sun kuma san cewa dokar don amfaninsu aka kafa ta. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun da duniya ta gada.

Da Turawa suka ci ƙasar nan, sai suka zo da manyan ayyuka irin nasu. Hanyar jirgin ƙasa da aka fara daga Baro a 1907 ta iso Kano a 1911, wani reshe kuma ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Hakimai da dagatai su ke tara mutane a kai su aikin diga, amma taswira da awo da littafin kuɗi suna hannun injiniyoyin Turawa. Makarantun da aka buɗe, kamar ta Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano a 1909 da Kwalejin Katsina a 1922, sun fi fitar da malaman makaranta da ma'aikatan En'e. A nan ne ilmin nan ya rabu biyu. Mai takarda ya iya lissafi amma bai taɓa riƙe ma'aikata ba, magini kuwa ya iya riƙe ma'aikata amma ba a nuna masa takarda ba.

A can ƙasashen Turawa kuwa ana ta mai da riƙon aiki fanni mai zaman kansa. Wani injiniya na Amurka, Henry Gantt, ya fito da wani jadawali a shekarun 1910, inda ake jera sassan aiki daga sama zuwa ƙasa, a ja wa kowanne layi gwargwadon kwanakin da zai ci. A 1957 kamfanin DuPont ya yi amfani da wata dabara ta gano jerin ayyukan da ke riƙe da ranar gamawa, a 1958 kuma sojan ruwan Amurka suka fito da makamanciyarta. A 1969 masu wannan sana'a suka kafa ƙungiyarsu a Amurka.

Dabarar nan ba ta da wuyar ganewa. A ce za ka gina soro. Yin tubali da shanya shi kwana ashirin, tayar da bango kwana goma sha biyar, rufi kwana goma. Ba ka tayar da bango sai tubali ya bushe, ba ka rufi sai bango ya tsaya, jimla kwana arba'in da biyar ke nan. Sayen azara kuwa kwana bakwai ne, ana iya yinsa yayin da tubali ke shan rana. In mai azara ya makara da mako guda, ba abin da ya ɓaci. In mai tubali ya makara da yini guda, soro duka ya makara da yini guda. Kowane tsohon magini ya san haka a zuci. Abin da Turawa suka ƙara shi ne rubuta shi, yadda za a iya bin sassa dubu a takarda guda, a kuma koya wa wanda ba ɗan gado ba.

Bayan samun mulkin kai, sai manyan ayyuka suka zo kwarin Rima. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ta Goronyo a 1984. A Bakolori rigima ta tashi tsakanin manoma da hukuma a kan diyyar gonaki, har a watan Afrilu na 1980 aka yi asarar rayuka. Mutanen da ke ƙasa da madatsar kuma suka ga ambaliyar da ke shayar da fadamunsu ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya. Ga kuma aikin noman rani na Zauro, tsakanin Argungu da Birnin Kabi, wanda aka fara zancensa tun 1969 don shayar da hekta fiye da dubu goma, ya yi shekaru aru aru yana jiran kuɗi da yardar masu gonaki. Ba injiniyoyi aka rasa a waɗannan wurare ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne a zauna da mai gona tun kafin a kafa turke, a ƙidaya hasararsa cikin kuɗin aikin, a kuma tabbata akwai abin da za a gama da shi kafin a fara. Hausawa sun ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yanzu ƙasar Kabi tana da manyan makarantu nata na kanta. An yanke Jihar Kabi daga Sakkwato a 1991. Akwai Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kabi, akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a Aliero a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi ta 2013. A jami'o'in fasaha na Owerri da Akure da Minna an buɗe sassa musamman domin wannan fanni. Tun 1973 kuma aka kafa shirin tura ɗalibai ma'aikatu su yi waɗansu watanni suna ganin aiki da idonsu. Duk wannan ci gaba ne. Sai dai ganin aiki daban, riƙe shi daban, kamar yadda mai kallon su daga bakin gulbi ba ya zama masunci.

Saboda haka abin da tarihin nan ke nuna wa malaman jami'a shi ne su yanka wa kowane ɗalibi nasa yanki na ganuwa. A haɗa ɗalibai biyar ko shida, a ba su aiki na gaske ko da ƙarami ne, kamar gyaran magudanar ruwa a wata unguwa irin Badariya kafin damina, ko gyaran rijiyar burtsatse a ƙauye, ko shirya wa ƙungiyar manoman shinkafa yadda za su kai amfaninsu injin casa. Su je su gai da mai unguwa, su ji ta bakin mutanen wurin, su rubuta jadawali da ƙiyasin kuɗi, su sa hannu. In an gama a gwada abin da suka ce da abin da ya faru, su tsaya gaban malamai da mutanen unguwa su yi bayanin bambancin. Ɗalibin da siminti ya ƙare masa ana tsakiyar aiki, ko ruwan farko ya riske shi bai rufe rami ba, ya koyi abin da ba ya mantawa, hasarar kuwa kaɗan ce in an gwada ta da wadda zai jawo in sai ya zama babban ma'aikaci ya fara koyo da dukiyar jama'a.

Ya kamata kuma a riƙa ajiye rahoton kowane aiki a ɗakin karatu na makaranta, da inda aka dace da inda aka gaza, domin 'yan baya su fara daga inda na gaba suka tsaya. A riƙa gayyato tsofaffin magina da shugabannin masunta da na manoma su zo su yi wa ɗalibai bayani, gama sun san halin ƙasar fadama da lokacin zuwan ruwa fiye da littafin da aka rubuta a wata ƙasa. In an yi haka, ɗalibi zai fita da abu uku: ɗaukar nauyi irin na ɗan magini, da rubutu da lissafi irin na zamani, da neman yardar jama'a irin ta masu gayya. Allah ya ba mu masu fara aiki su gama shi, amin.