Mai Hoton da Aka Ce Ba a San Shi Ba

'Yan uwa marubuta, a 1948 Seydou Keïta ya buɗe shagon ɗaukar hoto a Bamako, ƙasar Mali. Mutane sukan ci ado su zo, ya ara musu rediyo ko agogo, ya ɗauke su a gaban zani mai zane. Neman abinci yake yi, ba a lissafa aikinsa cikin fasaha ba.

A 1991 aka baje wasu hotunansa a New York, aka rubuta ba a san mai su ba. André Magnin ya bi sawu har Bamako, ya tarar dattijon ya adana dubban fim ɗin da ake wanke hotunan daga jikinsu. Wannan ajiyar ce ta dawo masa da sunansa. Mu ma mu adana rubuce-rubucenmu na farko, da sunanmu a kai.